Hular Da Gwaggo Atika Ta Ƙi Gamawa

Gwaggo Atika ƙanwar mahaifinmu ce. Duk Hayin Banki in ka ce "mai hula" gidanta za a nuna maka, ko da yake mu masu ɗinkin hula a unguwar muna da yawa. A Zariya aka haife ta, a can ta koyi riƙon allura tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba. Aure ne ya kawo ta Kaduna. Mijinta, marigayi Malam Zakariyya, direba ne a tashar Kawo, ya yi ta jigila tsakanin Kaduna da Kano har ƙarfinsa ya ƙare. Allah bai ba su haihuwa ba. Lokacin da mahaifiyarmu ta rasu ina sakandare, ƙanena Sagir kuwa bai daɗe da yaye ba. Gwaggo ta zo zaman makoki, da za ta koma gida ta goya shi ta tafi. Ba ta nemi izinin kowa ba, ba kuma wanda ya ce mata don me.

Da allura da zare ta raine shi. Shi ya sa ban yi mamaki ba da ya girma ya zama dillalin hula. Da hulunan Gwaggo ya fara, yana kai wa masu shaguna, daga baya ya haɗa da nawa da na maƙwabta. Kullum da safe zai hau babur da jakarsa cike da hulunan da aka zana da ƙullin zare, ya bi gida-gida yana rabawa yana karɓar waɗanda aka gama. Gidan Gwaggo ne zangonsa na ƙarshe, saboda a nan yake karyawa. Zai kifa turmi ya zauna, ta miƙo masa koko da ƙosai, sannan a fara.

"Sagiru, wannan wuyan naka kamar na zakaran da ya yi jinya. Ba ka cin abinci ne?"

"Gwaggo, jiya ma haka kika ce."

"To jiyan ka gyara ne?"

Haka suke, har rana ta ɗaga ya tuna yana da kasuwa.

Allah ya buɗa masa, ba na baƙin ciki da wannan, ƙanena ne. Ya kama shago a Kawo kusa da tasha, masu saye suka fara kiransa daga Abuja da Legas, ya auri Juwairiyya, Allah ya ba su 'ya mace, ya yi gini a Katabu, ya sayar da babur ya sayi mota. Ya kuma je ya koyi kwamfuta. Daga nan zancen ya canza.

Wata rana ya tara mu a tsakar gidan Gwaggo, mu masu yi masa ɗinki, ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma. Ya nuna mana wani allo mai layi-layi, ya ce manhajar tsara aiki ce. Kowace hula tana da katinta, da sunan mai ita da sunan mai ɗinkawa da ranar da ake so. Kati yana tashi daga layin "an zana" ya koma "ana ɗinki", daga nan "an gama", sai wanki da guga. Wannan duk mun gane, ba wani abin wahala ba ne.

"To ga inda daɗin yake," in ji shi. "Na haɗa allon da wata manhaja daban. Ita wannan 'yar aike ce. Sau ɗaya za ka gaya mata, in kaza ya faru ki yi kaza, shi ke nan ba ta mantuwa. In na sa sunanki a kati, ita za ta turo miki saƙo, ta kuma sanar da Sanda mai Keke ya kawo miki hula da zare. Muddin hular tana hannunki, kullum da safe za ta tuna miki. In kin gama ki rubuto 'na gama', ita za ta matsar da katin, ta turo Sanda ya karɓa."

Mata suka yi ta jinjina kai. Gwaggo dai ba ta ɗago daga ɗinkinta ba.

"To kai kuma me za ka riƙa yi?"

"Ni sai in huta, Gwaggo."

"Au, ashe mu ne gajiyar."

Aka yi dariya, har da shi. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Da yake Gwaggo ba ta karatun boko, sai ya yi mata nata daban. Mu rubutu ake turo mana, ita kuwa ya naɗi muryarsa a bakin shago: "Salamu alaikum Gwaggo, ina kwana, an tashi lafiya? Yaya aikin hula? Allah ya ƙara lafiya." Ya ba 'yar aiken tasa, ya ce ta riƙa tura mata kowace safiya in akwai hula a hannunta. Rubuta "na gama" kuwa ni aka ɗora wa, tunda gida uku ne tsakaninmu.

Gaskiya ɗaya zan faɗa: aiki ya gyaru. An daina kai wa wata zaren wata, an daina mantawa da hular ango sai ana gobe ɗaurin aure. Amma ƙafar Sagir ta ɗauke daga Hayin Banki. Da farko yana leƙowa ranar Juma'a, daga baya sai an yi suna ko rasuwa. Daga Kawo zuwa gidan Gwaggo ko a ƙafa mutum zai je ya dawo bai yi gumi ba. Na faɗa masa, ya ce, "Yaya Salamatu, ai kullum ina gaishe ta."

Ita kuma tana amsawa. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Da wayar ta yi ƙara za ta ajiye allura, ta gyara zama, ta saurara har ƙarshe, sannan ta danna ta amsa kamar yana gabanta. Lafiya lau Sagiru, yaya Juwairiyya, yaya yarinyar, ta fara haƙori? Ta ba shi labarin akuyarta, ta gaya masa wanda ya rasu a layi, ta rufe da addu'a. A wurinta gaisuwa ba a barinta a ƙasa, ko daga bakin wa ta fito. Na sha buɗe baki zan gaya mata naɗi ne, sai in fasa.

Bayan babbar Sallah kasuwar hula ta yi sanyi, kamar yadda ta saba. In ka gama ɗaya sai ka jima kafin a kawo wata. A lokacin aka kawo wa Gwaggo wata kube mai ruwan toka da zare baƙi, ta wani mutumin Abuja. Gwaggo da ba a haɗa ta da kowa wajen sauri, sai hular nan ta ƙi ƙarewa. Kullum in na shiga in ce, "In rubuta an gama?" sai ta ce tukuna. Rannan na ɗauki hular na duba da kaina. An gama komai, tsaf, sai wani ɗan gurbi a saman da bai fi faɗin babban yatsa ba.

"Gwaggo, wannan ai kafin ruwa ya tafasa kin cike shi."

"Idona ne."

"Wane idon? Yanzu a gabana kika zura zare sau ɗaya."

Ta karɓe hularta ta cusa a ƙarƙashin matashi. Sannan ta ce, "In kika rubuta, sai ya daina gaishe ni har a kawo wata. Na lura. Wancan karon sai da na ɗauka wayar ce ta lalace."

Raina ya ɓaci, na ce, "Gwaggo, ba fa shi ba ne. Naɗi ne. Sau ɗaya ya yi maganar nan."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke Salamatu, wawiya kika ɗauke ni? Ba ki ji ɗan kamashon da ke ihu a bayansa ba? Kullum Zariya mutum ɗaya, Zariya mutum ɗaya. Wace irin mota ce har yau ba ta cika ba? Na sani sarai. Amma muryarsa ce ko ba muryarsa ba ce?"

Na fita na bar mata hularta.

Abin da ba mu sani ba, Sagir ya ba 'yar aikensa wata doka da bai faɗa mana ba a ranar da ya tara mu. In hula ta wuce ranarta da yawa, sai a mayar da katin layin masu jinkiri, a daina turo tuni, a tura Sanda ya karɓo a ba wata ta ƙarasa, mai jinkirin kuma a dakatar da ba ta sabon aiki. Haka kuwa aka yi. Sanda ya yi sallama, bawan Allah yana ta sunkuyar da kai, ya ce an turo shi karɓar hula. Gwaggo ta ce ba ta gama ba. Ya ce ai an ce ko ba a gama ba. Ta ce to wa ya ce? Ya duba wayarsa ya rasa sunan da zai kira, sai dai ya ce saƙon ya nuna an sa ta a layin masu jinkiri. Ta ba shi ruwa ya sha, ta sallame shi hannu wofi.

Washegari wayar ba ta yi ƙara ba. Jibi ma haka. Na same ta zaune da wayar a cinya, ta sa an yi mata caji har ya cika, tana tambayata ko kati ne ya ƙare.

Ban ko canza mayafi ba na nufi Kawo. Na tarar da shi a shago, waya a kunne, kwamfuta a gaba, huluna jere har rufi. Na jira ya gama, don ba na son a ce na kunyata shi gaban abokin ciniki.

"Yaya, lafiya? Ko zama ba ki yi ba."

"Wa ya sa Gwaggo a layin masu jinkiri?"

Ya juya ya duba allon, ya dafe kai. "Kai! Wallahi ban gani ba. Ba ni ba ne, tsarin ne yake yi da kansa."

"Tsarin uban wa ya kafa shi? Matar da ta goya ka daga gidan makoki, yau ita ce mai jinkiri? Ka san me ya sa ta riƙe hular?"

Na gaya masa, ban rage komai ba. Na kuma tambaye shi ko ya taɓa sauraron amsoshin da take turo masa. Ya ce wannan lambar ta aiki ce, ba a buɗe ta, in ba "na gama" aka rubuta ba manhajar ba ta kula. Idonsa ya kawo ruwa, na ce a raina to, an zo wurin. Sai ya jawo kwamfutar.

"Bari in gyara yanzu. Zan cire ta daga dokar jinkiri, in raba gaisuwar da katin. Ko da hula ko babu, kullum za ta riƙa zuwa mata. Zan ma naɗi sababbi kala-kala don kada ta gaji da guda."

Wallahi da ba a kasuwa muke ba da na mare shi. Na rufe kwamfutar da hannuna na ce, "Ɗauko makullin motarka."

Mun same ta tana tankaɗe. Ta ɗago ta gan shi, ba ta yi murmushi ba, ba ta yi faɗa ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta ce in zubo masa abinci. Yana ci wayarsa tana ta ƙara, ya kashe ta ya kifa. Ita kuwa ta jawo hular daga ƙarƙashin matashi, ta cike gurbin nan a gabansa, ta ciji zaren, ta ɗora masa a gwiwa. Suka yi hira har la'asar, ta tambayi yarinyar, ya nuna mata hoto, ta ce hoto ba ya kama yatsa, a kawo mata ita.

Da zai tafi ta ce, "Sagiru, wannan muryar taka ta cikin waya, ka kashe ta. Na gode, ta yi mini amfani. Hula kuma in kana so in ɗinka maka, ka kawo da hannunka, ka zo ka karɓa da hannunka. In ba ka da lokaci ka ba su Salamatu, su ma sun iya."

Ya ce ya ji, ya kuma yi alkawari.

Hular da ta biyo baya shi ya kawo, har da Juwairiyya da yarinyar, Gwaggo ta yanka kaza. Shi ya zo ya karɓa, ko da yake a tsaye. Ta bayanta kuwa Sanda ne ya yi sallama, ya ce maigida yana Abuja, ya ce a ba Gwaggo haƙuri, wannan karon kawai. Ta ce ya gaishe shi, ya kuma mayar masa da hularsa.

Yanzu babu hula a hannunta, babu murya a wayarta. Matar da ban taɓa gani zaune hannu sake ba, sai ka shiga ka same ta ta jingina da bango, kwandon zarenta a rufe, ta matsar da tabarmarta kusa da zaure inda ake jin motsin layi. Duk motar da ta rage gudu sai ta katse magana. Na kira Sagir ya ce yana dawowa zai zo, kuma na san har zuciyarsa yake faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Shekaranjiya na kasa daurewa na ce mata, "Gwaggo, ki bari in ce ya mayar da gaisuwar mana, ko kafin ya samu sarari. Ai ta fi shirun nan."

Ta girgiza kai. "In ya mayar, hankalinsa zai kwanta. Bar shi haka. Ya san gidan."