Kunnen da Aka Zana Kafin a Haifi Mai Shi

Shekara shida ke nan da aka kashe taubashina Namadina a ƙofar gidansa, kuma har yau in na sayi ƙosai sai na buɗe takardar da aka ƙunsa shi na duba bayanta. Shi ya bar mini wannan ciwon.

Namadina tela ne a ƙauyenmu, gabas da Goronyo, amma ɗinkin sai ya ga dama. Hankalinsa na kan tsofaffin jaridu, musamman shafin zanen barkwanci, da ƙananan littattafan ban dariya na zamanin iyayenmu, na boko da na ajami, waɗanda takardarsu ta yi ja don tsufa. Ran kasuwar Goronyo jama'a na cinikin albasa, shi yana bin masu ƙosai da masu tsire yana tsintar takardun ƙunshi. Ya taɓa tuƙa keke har Wurno don an ce wata tsohuwa ta shimfiɗa jaridun mijinta a ƙasan adaka. Riga ya ɗinka mata kyauta ta ba shi. A Rabah kuwa, daga bangon mai aski ya ɓamɓaro wani zane. Na sa masa suna Sarkin Shara, shi kuma ya ce ni jakin albasa ne, ban san daɗin komai ba sai kaya. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

Duk tarin nan yana cikin akwatin ƙarfe, da ganyen dogonyaro saboda gara, da kwaɗo har biyu. Kwaɗon nan ne ya jawo ido.

Rana tsaka 'yan bindiga suka shigo, muna fitowa daga sallar azahar. Ladaninmu suka fara harbewa, ya faɗi da buta a hannu. Suka kora mu da gindin bindiga zuwa ƙofar gidan Namadina, suka kwantar da mu rub da ciki a kan yashi mai zafi, wanda ya ɗaga kai a take masa ƙeya da takalmi. Suka cinna wa rumbuna wuta. Ƙaurin gero da albasa na ranar nan bai bar hancina ba.

Aka jawo akwatin waje, aka fasa kwaɗo da gatari, ana zaton zinariya ce. Sai takardu. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki guda ya duba. Ta wutsiyar ido na hango, na san zanen: wani ƙato ne mai yankakken kunne, ya rungumi bindigar da ta fi shi tsawo, wando ya zame masa, zakara na bin sa a guje. Mutumin ya dubi zanen, ya dubi shugabansu, wanda shi ma kunnensa na hagu yankakke ne, sai dariya ta kufce masa. Ta kama na kusa da shi.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shugaban ya juya bindiga ya harbi yaron nasa a gwiwa, ya bar shi yana birgima a ƙasa. Sannan ya sa aka tayar da Namadina, aka fasa masa baki kafin a tambaye shi komai.

"Wa az zana ni?"

"Ranka ya daɗe, wanga zane ya girme ka," in ji Namadina, jini na zuba a gaban rigarsa. "Tun ba a haihe ka ba anka yi shi."

Shugaban ya jefa masa zanen da ashana. "Ƙone shi da hannunka, ka ce ƙarya ta, in bar ka da ranka."

Daga inda nake kwance na ce masa a hankali, "Namadina, takarda ce, ƙona ta." Ya ji ni. Ya dubi zanen, ya dubi kunnen, kafaɗunsa suka soma rawa. Na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce, irin wadda in ta kama shi ko a zaman makoki ba ya iya riƙewa.

Suka danne shi, shugaban ya dunƙule takardar ya cusa masa a baki da hancin bindiga, ya harbe shi a ƙirji sau biyu. Suka kwarara wa akwatin fetur, suka cinna masa wuta. Tarin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi bai kai tafasar shayi ba ya zama toka.

Na daɗe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Baki shi ke yanka wuya, kuma ya bar mata da 'ya'ya saboda takardar ƙosai. Amma yanzu da muke zaune a Goronyo, gonakinmu sun zama daji, nakan ga manya sun sassauta murya in za su ambaci mutanen nan, ko da ƙofa a rufe. Yara na ta kallon barkwanci a waya, na kowa da kowa, ban da na masu bindiga. Da Namadina na nan, na san abin da zai ce: an ƙwace mana shanu mun yi haƙuri, yanzu har dariyar ma sai mun nemi izini. A duk tsawon shekarun nan, sau ɗaya na ga tsoro a fuskar ɗan bindiga, kuma tela ne ya sa shi.

Ni na yi masa wanka. Da na buɗe bakinsa na ciro takardar, na shanya ta a kan dutse. Zakaran ya narke, bindigar ta tafi da jini, kunnen kaɗai ya tsira. A al'adarmu taubashi kan tsokani taubashinsa har a kan makara, amma ranar na kasa buɗe baki. Allah ya jiƙan ka, Sarkin Shara, ga tsokanar da na riƙe maka: ka mutu a kan shara, kamar yadda na sha gaya maka. Amma wallahi, Namadina, kunnen nasa ne sak.