Bangon Delhi da tukunyar Sahabi

Mun tashi da asuba, amma sai da rana ta fito sosai direba ya yarda ya tada mota daga Gusau, don hanyar Tsafe ba a binta da duhu. Ni da wani abokin sana'ata ne, za mu Indiya saro kayan gyaran babur da na Keke.

Na bar gida da wata magana a wuyana. Akwai Sahabi, mutumin Nahuce ta Bungudu, da ya daɗe yana dafa shinkafa da wake a rumfar gaban shagona a Sabon Gari. Ɗan daudu ne, maganarsa da tafiyarsa ba su ɓoye ba. Maƙwabtana uku sun same ni sun ce in tashe shi, wai yana zubar wa layinmu mutunci. Na ce su bari in dawo.

A Tsafe muka sha shayi da ƙosai, kowa ido a kan titi. Sai da muka wuce Funtuwa hira ta dawo cikin motar. Daga Kano jirgi ya kai mu Addis Ababa, wani ya sauke mu Delhi.

Garin nan hon ɗin mota ne gaisuwarsu. Shayinsu a ɗan mitsitsin kofi yake, amma cittar da ke ciki ta isa ta tada mai mura. Kwana uku ina cin wake da gurasa, har na fara mafarkin tsire. Kaya kuma sun yi tsada, ko in ce nairarmu ce ta rame.

Rana ta huɗu dilan da muke sayen kaya a wurinsa ya gayyace mu buɗe sabon shagonsa. Muna zaune sai ga wasu mutum shida sanye da sari, tufafin matan Indiya, da kwalliya, suna wani tafi mai ƙara da tafin hannu a buɗe. Muryoyin na maza ne. Na rungume jakata, na ɗauka rigima ce. Dilan ya yi dariya ya ce hijira ake ce musu, kuma a al'adarsu ba a buɗe shago ko a yi suna su zo a kore su, sai sun yi waƙa sun sa albarka an ba su kyauta. Na tambaye shi ko zai ɗauki ɗaya daga cikinsu aiki a shagon. Ya dube ni kamar na zage shi.

Washegari a bayan kasuwar kayan gyara na ga wasu irinsu a kan tsani suna zana fuskoki a wani dogon bango. Ni mutum ne mai tambaya, sai na tsaya. Babbarsu, don mace take kiran kanta, ta sauko hannu duk fenti. Da guntun Turancina da nata muka fahimci juna. Ta ce shekara da shekaru tana tafi a ƙofar shaguna da tsakiyar motoci. Yanzu suna da ƙungiya, wasu na zane, wasu na rubuta labarin rayuwarsu, wasu na raka 'yan uwansu asibiti da kotu in an wulaƙanta su.

“Me bango zai ba ku?” na ce.

“Albarkarmu mutane suke so a bakin ƙofa, ba sa son mu zauna ciki,” in ji ta. “A nan kowa na ganin aiki muke yi.”

Na duba aikin da idon ɗan kasuwa. Layi a miƙe, fenti bai zuba ba. Ta ce in riƙe mata tsani, na riƙe. Abokina yana gefe yana cewa zai ba da labari a Gusau. Na ce ya haɗa da cewa tsanin bai motsa ba.

A jirgin dawowa na yi ta juya maganar. Addinina yana nan inda na bar shi, ban je Indiya canza shi ba. Amma su maƙwabtan nan babu wanda ya taɓa kawo mini shaidar wani laifi a kan Sahabi, kuma dukansu ukun shinkafarsa suke ci da rana. Abin da tafiyar ta nuna mini shi ne, in ka raba mutum da sana'arsa ta halal, ba gyara shi ka yi ba, titi ka tura shi yin tafi.

Mun shigo Gusau bayan la'asar. Na tarar Sahabi ya ɗaure tukwanensa da igiya, ashe magana ta kai masa.

“Alhaji, sannu da hanya. In tashi ko in zamna?”

“Zamna,” na ce. “Akwai sauran shinkafa?”

Ya kwance igiyar. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya leƙo, ya ga ni a kan benci da kwano a hannu, ya yi mini barka da dawowa ya koma shagonsa.