Yaya Mai Ƙofa da Koren Maɓalli

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa ofis. Ta cire takalmi ta tura ƙarƙashin tebur, ta goge tabarau da gefen mayafi, kuma kafin ta kunna kwamfuta sai ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara daga aljihun tebur. A cikinsa akwai maɓallan riga goma sha shida, babu wanda ya yi kama da wani, duk daga shagon ɗinkin marigayi mahaifinta suka fito. Ta jera su a kan wani kwali mai gida goma sha shida, sannan ta ce wa kowa ina kwana. Shekara ashirin da uku ina kallon wannan daga teburin da ke fuskantar nata, shekara ashirin da uku kuma abin yana ba ni haushi.

Makon jiya Yaya Mai Ƙofa ta ajiye aiki. Da aka ce wa zai rubuta mata jinjina, ni na ɗaga hannu. Gara in faɗa tun yanzu kada wani ya riga ni: ina ƙyashin matar nan. Mako ɗaya aka ɗauke mu aiki, shekara biyu kacal ta ba ni, amma tun ranar farko ta kafa mini doka cewa Yaya zan riƙa ce mata. Na ce da wasa, ga shi har furfura ta fito mini ban daina ba.

Kamfaninmu yana haɗa na'urar da ke ƙidaya ɗigon ruwan da ake ƙara wa marar lafiya a asibiti. A cikin kowace na'ura akwai manhajoji, akwai kuma uwar tsarin, wadda mu a wurin aiki muke kira kanel. Manhaja ba ta da izinin taɓa famfo ko agogo ko allon na'ura da kanta. In tana son wani abu sai ta ƙwanƙwasa, ta faɗi lambar buƙatarta, kanel ya yi mata aikin ya sallame ta. Wannan shi ne kira. Ƙofar da kowane kira ke bi kuwa layi ɗari da arba'in ne kawai, an rubuta su da asambili, yaren da ake yi wa na'ura magana da shi baki da baki, ba tafinta.

Ga inda wahalar take. Ƙwaƙwalwar na'urar tana da ƙananan gidaje goma sha shida da ake kira rajista, a nan manhaja ke riƙe lissafin da take cikin yi. Kanel ma da waɗannan gidajen yake aiki. Don haka dole ƙofa ta kwashe kayan manhaja ta adana kafin a shiga, in an fito ta mayar da kowane abu gidansa. Maɓallan Yaya su ne waɗannan rajistocin. Duk ranar da za a taɓa ko layi ɗaya a ƙofa, sai ta karanta layukan a bayyane tana matsar da maɓalli da yatsa, daga kwali zuwa gwangwani, daga gwangwani zuwa kwali.

Ita aka ba ƙofa, ni aka ba allo da lambobin da ke haskawa a kansa. Aikina ake nuna wa baƙi, ni ake ɗauka hoto. Amma duk ranar da na'ura ta sandare, ba wanda ke kallon inda nake. Oga, shugabanmu, da kansa zai zo ya tsaya a gefen teburinta, hannu a baya kamar ɗalibi, yana jira ta ɗago kai. Wannan tsayuwar ta Oga ita ce ta tsaya mini a rai. Matata har ta gaji da jin zancen.

"Kai dai kullum Yaya Mai Ƙofa, Yaya Mai Ƙofa," in ji ta wata rana tana ninke kaya. "In hassada ce ka faɗa mana a nema maka magani."

"Wace hassada? Maɓallan riga fa take wasa da su."

"To kai ma ga na rigarka nan, cire ka je ka yi."

Ba ni kaɗai na shaida halinta ba. Mai shara tana ba da labarin ranar da ta share maɓalli ɗaya ba da sani ba. Yaya ba ta yi faɗa ba, amma ta ƙi taɓa kwamfuta, su biyu suka zazzage kwandon shara a baranda har suka gan shi. Mai gwaji kuma, wanda ke kula da ɗakin da muke barin na'urori suna aiki kwana da kwanaki kafin a fitar da su, ya ce bai taɓa kai mata matsala ta ce masa "ba daga wurina ba ne" ba. Cewa take yi, "Zauna mu ƙirga."

Yanzu ga abin da ba wanda ya sani sai ni da ita.

Shekara tara da suka wuce mahaifiyarta ta kwanta ciwo, Yaya ta ɗauki hutun wata biyu tana jinya. Aka bar ƙofa a hannuna. Wallahi ranar kamar an ba ni kyautar mota. Na zauna na duba layukan nan, na ga tana adana rajista ta goma sha biyu, wadda duk littattafai suka ce ta wucin gadi ce, ba a barin abu mai muhimmanci a cikinta. Na goge layin da ke adana ta da layin da ke mayar da ita, na rage wasu 'yan abubuwa, sai kira ya ƙara sauri. Oga ya tara ma'aikata aka tafa mini, aka ba ni allon yabo na katako mai rubutun zinare. Kaina ya kumbura. Ban taɓa gwangwaninta ba ko sau ɗaya, a ganina wannan aikin tsofaffi ne.

Ana saura mako uku a fitar da na'urorin, mai gwaji ya shigo fuskarsa ba walwala. Ɗaya daga cikin na'urori arba'in, bayan kwana uku tana aiki lafiya, ta tashi daga ɗigo ashirin a minti ta koma ɗari da wani abu. A ɗakin gwaji cikin bokiti ruwan ke zuba. A asibiti cikin jijiyar mutum zai shiga. Kwana goma muka yi muna bincike, kowa yana zargin famfo. Ni ma na taya su zargin famfo.

Ranar da Yaya ta dawo, da safe, ta saurari mai gwaji har ya gama, ta duba abin da aka canza a bayanta. Sai da mutane suka fita shan shayi ta kira ni.

"Ƙanena, zo ka karanta mini ƙofa, idona ya gaji."

Ina karantawa tana kwashe maɓallai ɗaya bayan ɗaya zuwa gwangwani. Na gama layukan adanawa, sai ga wani koren maɓalli mai tsaga a gefe shi kaɗai a kan kwali.

"Ci gaba," ta ce.

Na ci gaba. Muka iso inda kanel, in kira ya bi wata doguwar hanya da ba kasafai ake binta ba, yake zuba nasa lissafin a gida na goma sha biyu. Ta sa yatsa ta ɗalle koren maɓallin, ya gangara ƙarƙashin tebur.

"Manhajar ƙidayar ɗigo a nan take ajiye lambarta," ta ce. "Tsohuwa ce, da hannu aka rubuta ta, ba ta karanta littattafanka ba. Mun yi mata alkawarin za mu mayar mata da komai. Ɗauko mini maɓallina."

Na durƙusa ƙarƙashin teburin ina lalube tsakanin wayoyi da takalmanta. Da na fito ta riga ta mayar da layi biyun. Oga ya shigo yana tambayar me aka gano.

"Ƙofa ce ta manta da kayan baƙo ɗaya, ranka ya daɗe," ta ce. "Ƙofa kuma tawa ce. An gyara."

Na bar ta ta ɗauki laifin. Allon yabona ya ci gaba da zama a bango. Kuna tsammani daga ranar ƙyashin ya tafi? Ƙaruwa ya yi. Da a iya aiki kawai ta fi ni, yanzu ta haɗa har da girman zuciya, ta bar ni da katako mai rubutun zinare.

Yaya, ke ce mai ƙofar da miliyoyin kira ke bi kowace rana ba wanda ya san da ke. Ke ce wadda in aikinki ya yi kyau ba a ganin komai, sai dai marar lafiya ya warke ya koma gida yana yi wa likita godiya. Ba hotonki a bango, ba sunanki a jikin na'ura. Kin rufa mini asiri a ranar da ni, da na samu irin wannan damar a kanki, Allah ya sani da sai kowa ya ji.

A taron sallama Oga ya tambaye ta wa take ganin zai gaje ta. Na zuba mata ido. Abin da na fi so a duniya ke nan, kuma kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta raba ni da shi. Sai ta nuna ni da haɓa.

"Shi. Duk cikinku shi kaɗai ya taɓa shiga ƙarƙashin tebur neman maɓalli."

Aka yi dariya, ba wanda ya gane. Ta miƙo mini gwangwani da kwali. Da na koma teburina na juye na ƙirga, goma sha biyar. Na sake ƙirgawa. Na bi ta da gudu na same ta a bakin titi tana jiran mota.

"Yaya, babu koren."

"Yana jakata."

"Ranar Litinin fa zan fara. Yaya zan yi da gida ɗaya ba kowa?"

"Ƙanena, aikin mai ƙofa ɗaya ne, ya mayar wa kowa abinsa. Akwai abin da ka riƙe shekara tara ba naka ba. In ka mayar, ka san gidana."

Na gode miki, Yaya, a madadina da madadin mutanen da ba za su taɓa sanin abin da kika tare musu ba. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar ido. Ku kuma masu tasowa a wannan aiki, ku yi koyi da ita: kafin ku goge layi, ku tambayi wa aka yi wa alkawari da shi, ku zauna ku ƙirga ko da za a yi muku dariya.

Ni ne na goge layi biyun nan, ba ita ba. Yau da safe na sauke allon daga bango na kai wa Oga, na faɗa masa komai a gaban mai gwaji, yanzu kuma na faɗa wa duniya. Har yanzu ina ƙyashinki, wannan kam ba na jin zai warke. Amma gobe da hantsi ina nan tafe, Yaya. Ki fito mini da koren maɓallina.