Na Kasa Ce Wa Yaya Bai Iya Babur Ba

Assalamu alaikum, Edita. Ni mai tsire ne a Birketeri, unguwar da muke ce wa Birik a nan Yawunde. A shekarun da zan ba da labarinsu ƙarfina yana nan, ko furfura ban fara ba. Daga Garwa na zo ina saurayi, ba karatun kirki, ba sana'a, sai tuƙin babur da na koya a wurin wani mai gyara. Wanda ya karɓe ni wani mahauci ne mutumin Ngaundere da ya daɗe a garin. Ba mu haɗa jini ba, amma Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙane. Shi ya ba ni tabarma a shagonsa, shi ya koya mini riƙon wuƙa da fere nama da haɗa yaji da ƙuli-ƙuli. Da na iya, ya ce daga yau ni ba yaronsa ba ne, tukubar tamu ce mu biyu. Duk da haka ban taɓa zama a kan benci yana tsaye ba, ban taɓa sa hannu a kwano kafin shi ba, in yana magana ƙasa nake kallo. Haka aka rene mu, kuma ban ce laifi ba ne.

Sai shekarun da mutanen nan suke kira kiriz, wato matsin tattalin arziki, suka shigo. Aka rage wa ma'aikata albashi, aka sallami wasu, daga baya aka karya darajar kuɗi. Mutanen da suke tsayawa da yamma su sayi tsire a ƙunshe musu su kai gida, suka koma su gaishe mu daga nesa su wuce da sauri. Nama ya riƙa kwana. Masu taksi kuma suka ƙi ɗaukar mu da ɗanyen nama daga mahautar Etudi sai an ninka musu, wai jini yana ɓata musu kujera. A lokacin ne haya da babur ta fara yawa, wadda ake kira bensikin. Muka yi shawara, Yaya ya sayar da ragunan da yake kiwo a bayan shago, muka sayi wani tsohon babur a hannun wani ma'aikaci da aka sallama. Aikin ya zama da sassafe na goya Yaya mu je Etudi ya zaɓi nama, don shi yake da ido, mu dawo mu uku, ni da shi da cinyar saniya. Daga nan na fita ɗaukar mutane tsakanin kasuwar Mokolo da unguwanni har la'asar, na dawo na tsaya a bakin wuta.

Ban jima ina haka ba na fara ramewa. Wata rana na yi gyangyaɗi a tsaye har hannun rigata ya kama wuta. Yaya ya kashe ta da tafin hannunsa, muka ci gaba da aiki har muka rufe. Sannan ya ce ba zai zauna yana kallon ƙanensa yana ƙarewa ba, na koya masa babur, shi zai riƙa zuwa Etudi da safe ni kuma na yi barci. Na ce masa ai ban gaji ba. Ya ce ba tambayata yake yi ba.

Akwai wani fili wajen Ekudu inda ake buga ƙwallo da yamma, da hantsi ba kowa. Can muka riƙa zuwa, don ba ya son matasan Birik su ga dattijo yana tangaɗi a kan babur. Ni wanda ya koya mini tuƙi a Garwa, a bayana yake zama. In na kalli ƙasa ya doke mini ƙeya, in na matse birkin gaba ya zage ni har da kakannina. Da duka da zagi na iya. To Yaya fa, ta ina zan fara? Ko zama a bayansa na riƙe masa ƙugu nauyi yake yi mini. Sai na riƙa bin sa a guje ina riƙe da ƙarfen baya, ina cewa Yaya a sassauta, Yaya da an ɗan ɗaga kai. In ya faɗi, kafin ya tashi na riga na ce laifin yashi ne, ko na ce tayar ce ta sude. Ban taɓa cewa laifinsa ba ne.

Kuma ina ganin komai, wallahi ina gani. Idonsa kullum a kan tayar gaba yake, ba ya duban hanya. In ya tsorata sai ya sauke ƙafafunsa duka biyu yana jan su a ƙasa, ya bar birkin baya da ake takawa, ya damƙe na hannu. Hannun mahauci ne, hannun da yake raba gaɓar saniya, in ya damƙe abu ba ya damƙa da wasa. A fili mai yashi babur ɗin sai ya yi turjiya ya mutu, shi ke nan. Amma na san Yawunde ba fili ba ce, tudu ne da gangare, ga jar laka mai santsi kamar sabulu in an yi ruwa. Na san dole sai na kai shi gangare ya koyi rage giya da taka birkin baya a hankali, na ɗaura masa buhun yashi a baya ya ji yadda kaya suke jan mutum a kwana. Kullum sai na ce gobe. Kai shi gangare yana nufin na nuna masa cewa abin da ya koya bai isa ba, bakina kuma ya ƙi ɗaukar wannan maganar.

Har hular kwano na samo masa a Mokolo, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau. Ya juya ta ya duba, ya yi dariya ya ce wannan ai tukunya ce, ya rataye ta a ƙusa. Shi mutum ne da ban taɓa ganin kansa ba hula ba sai wajen alwala. Ni ne zan ce wa Yaya ya cire hularsa ya kifa tukunya? Na yi dariya tare da shi. Takalmi ma silifa yake sawa, doguwar rigarsa kuma tana lilo kusa da sarƙa. Ita kaɗai na iya yi wa magana, ita ma sai da na ce kada mai ya ɓata masa ita, sannan ya yarda ya riƙa tattare ta.

Ranar da ya zagaya filin bai faɗi ba, ya tsaya a gabana yana haki, fuskarsa kamar ta yaro ranar Salla. Ya tambaye ni ko ya iya. Na dubi ƙasa na ce ya iya, Yaya, sai dai a ƙara sabawa. Na ji idonsa a kaina, amma ban ɗago ba. Sai ya ce to madalla, jibi shi zai je.

Zuwan farko da na biyu Allah ya tsare, rana ake yi, ƙasa a bushe. Na daina barcin ma da aka ce na yi, sai na zauna a ƙofar shago ina sauraron ƙarar babur ɗinmu, don na san ta cikin dubu. Rannan aka wayi gari da yayyafi. Ina kwance ina jin sa yana tura babur waje. Na tashi zaune, na buɗe baki zan ce Yaya bari na je yau, sai na tuna zai gane dalili. Na koma na kwanta. Wannan kwanciyar ita ce abin da na fi tsana a duk rayuwata.

Na hura wuta, na yanka albasa, na daka yaji, na wanke tsinkaye. Hantsi ya yi bai dawo ba. Gawayin ya cinye na ƙara wani. Sai ga wani mahauci abokin cinikinmu ya sauko daga taksi da hular Yaya a hannu, duk laka. Ya ce a gangaren da ake saukowa daga Etudi wani mai taksi ya tsaya kwatsam zai ɗauki fasinja. Yaya yana bayansa da cinyar saniya ɗaure a bayan babur. Waɗanda suka gani sun ce ya sauke ƙafafu duka biyu, tayar gaba ta kafe ta zame, naman ya juya da shi, ya faɗa kwalbati a kan hannun dama. Ban tambayi ƙarin bayani ba. Na riga na ga faɗuwar nan sau da yawa a filin Ekudu, laka da kwalbati ne kawai babu.

An ɗinke masa kai a asibiti, kan ya warke. Hannun ne ya karye a wuyan hannu da kuma kafaɗa. Muka kai shi wurin maɗori, ƙashi ya kama, amma yatsun ba su dawo ba. Suka lanƙwashe kamar yana riƙe da wani abu, alhali ko cokali ba sa riƙewa. Da ya samu sauƙi ya dawo tukuba, ya zauna a benci yana fifita wuta da hagu. Masu saye su yi masa sannu, ya amsa da fara'a. Wani lokaci sai na kama shi yana kallon hannuna ina fere nama, bakinsa yana motsi, na san ya ga na yi kauri a wani wuri, amma sai ya kau da kai. A da zai ƙwace wuƙar ne ya ce ƙane wannan ai takalmi kake yanka wa mutane. Muka zama mu biyu a shago ɗaya, kwano ɗaya, ba mai maganar ranar nan. Babur ɗin yana jingine a bango da fitila a fashe, na rufe shi da buhu.

Bayan damina ya ce zai koma Ngaundere wurin ƙanwarsa. Na roƙe shi, na ce ko bai taɓa komai ba rabonsa yana nan, zamansa ma aiki ne. Ya ce mutumin da ya saba ciyarwa ba ya iya zaman a ciyar da shi a wurin da aka san shi. Na raka shi tashar jirgin ƙasa, na ɗora masa jakarsa, na tsuguna kusa da kujerarsa. A nan ne maganar ta fito da ƙyar. Na ce masa ƙarya na yi masa a filin Ekudu, bai iya ba, kuma na sani.

Ya juya wajen taga. Sannan ya ce, "Ƙane, ni ma na san ban iya ba. Duk safiyar da na hau abin nan a tsorace nake. Na tambaye ka ne don ka ce a'a, na samu hanyar fasawa. Ni babba ne, ba zan ce ina tsoro ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ɗora mini hannun nan da ya lalace a kai, ya ce ba abin yafewa, shi ma da ya yi magana. Ya ce na sauka kada jirgi ya tafi da ni, kuma na riƙa rage gishiri a yaji, ya daɗe yana son gaya mini.

Ban sake ganinsa ba. Na yi ta cewa zan je, kasuwa ba ta bari ba, ko kuma kunya ce ba ta bari ba, Allah ne ya sani. Labarinsa a bakin masu kawo shanu Etudi nake ji, su ce yana nan, yana zama a ƙofar masallaci, yana gaishe ni. Wata safiya ina taya cinya, wani daga cikinsu ya yi mini ta'aziyyar Yaya, yana zaton na riga na ji. Na biya naman na ɗaura a babur na dawo ta gangaren nan, na hura wuta, don ban san me zan yi ba in ba haka ba. Kasuwa ta farfaɗo daga baya, Birik ta fi da cika, da yamma hayaƙin tsire har ya rufe titi. Na yi aure, na haihu. Amma ban sake haɗa tukuba da kowa ba, kuma har yau gefen bencin da yake zama ba na son a zauna. Wuƙarsa tana wurina, in na wasa tawa sai na wasa ta.

Abin da ya sa na rubuto, ina ganin yadda ake yi har yanzu. Mutum ya sayi babur yau, a zagaya da shi fili, a ce masa ya iya don kada ransa ya ɓaci. Wanda bai sauko gangare da kaya a baya ba, bai taka birkin baya a kan laka ba, bai iya ba, ko shekararsa nawa. Ku kai shi gangaren, ku zauna a bayansa, ku sa ya kifa hular kwano ko da kuwa sai ya cire wadda ya saba. Ban ce a daina girmama manya ba, ni ma yanzu ana tashi a ba ni wurin zama kuma ina jin daɗi. Amma in babba ya tsaya a gabanku yana haki ya tambaye ku ko ya iya, ku ɗago ku dubi idonsa kafin ku amsa. Wataƙila ba yabo yake nema ba, wanda zai hana shi yake nema. Ni ƙasa na kalla, da na ɗago da na gani.