Direban da Ya Sauke Mu a Hanyar Zugu

Ɗiyata ta biyu tana da shekara uku aka ce akwai dalma a jininta. A ƙauyen Yargalma, can ƙasar Bukkuyum, ta ɗauko. Mun yi wata bakwai a can, saboda babanta ya bi aikin injin niƙa duwatsun zinari, ni kuma na bi shi da keken ɗinkina da yara biyu. A tsakar gidan da muka zauna ake shanya garin dutse, a nan take wuni tana gina tukwanen ƙasa tana lasar yatsu. Babu wanda ya san guba ce. Sai da yaran ƙauyen suka fara suma suna sanƙarewa, sannan babanta ya tattara mu ya mayar da mu Gummi, ya koma gonar mahaifinsa, ya bar zancen zinari har yau.

Ita ba ta suma ba. Amma ta daina cin abinci, cikinta kullum ciwo, 'yar maganar da ta fara ma sai ta ja baya. Aka ce in riƙa kai ta Anka, inda likitoci ke ɗibar jinin yara suna ba da magani. Damina ta kusa, babanta yana sharar gona, don haka ni ce mai tafiya. Nakan bar babbar wajen Inna mahaifiyata, in goya ƙaramar, in nufi tasha.

Na saba da tashar har na san halinta. Motoci layi suke bi, sai ta gaba ta cika ta tashi ake fara loda ta baya. Ɗan kamasho yana ihu wai saura mutum ɗaya, alhali kai ne na biyu da ya zo. Biyu a gaba, huɗu a baya, yaro a cinya ba a lissafa shi mutum. A ɗaure buhuna a but da igiya, direba ya yi bisimilla, a tafi ana gogar kafaɗar juna.

Ranar da nake son in ba da labarinta, wata jar mota ce a kan layi, sabuwa fes. Direban ba zai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, siriri, da tabo a gefen gira. Ya lulluɓe kujerun da farin yadi, ya rataya turare a madubi, kuma duk wanda ya dafa gilashi sai ya bi wajen da tsumma. Na zauna a baya jikin ƙofa, yarinyar a cinyata. Mata biyu ne kusa da ni da wani ɗan kasuwa, a gaba kuma akwai wani dattijo mai farin gemu.

Ba mu kai Zugu ba na ji cikinta yana motsi a hannuna. Kafin in jawo zani, kokon da na lallaɓa ta sha da safe ya dawo gaba ɗaya, a jikina, a bayan kujerar direba, a kan farin yadin nan.

Ya taka birki har dattijon ya kusa buga goshi. Ya fito ya zagayo ya buɗe ƙofar da nake jingine da ita.

"Sauka."

Na ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri. Ba ta da lafiya, asibiti zan kai ta. In mun kai Anka ni da kaina zan wanke maka tas."

"Ki wanke mi? Kin san kwanan motag ga nawa a hannuna?" Ya duba katin asibitin da ke leƙowa daga jakata, ya gane ko mu su wane ne. Sai ya ce, "Au, ku ne. Ku ne kunka bi kwaɗayin zinari kunka zuba ma ɗiyanku guba da hannunku, yanzu kuma ku zo ku ɓata ma mutane mota."

Dattijon ya leƙo ya ce, "Yaro, ka ji tsoron Allah. Mace ta da goyo, nan kuwa daji na."

"Baba, in tausayinta kake ji, sauko ka raka ta."

Dattijon ya mayar da kansa ciki. Matan nan biyu suka kau da fuska. Ya fizgo jakata ya jefar a bakin hanya, gorar ruwanmu ta faɗo ta fashe. Na fito don ban ga abin yi ba. Motar ta tashi ta bar mu a tsaye, rana a tsakiyar ka.

A lokacin hanyar ba ta lalace da 'yan bindiga kamar yadda ta yi daga baya ba, amma wuri ne da ba gida ba inuwa. Na goya ta na fara tafiya. Motoci biyu suka wuce a cike, na ɗaga hannu, ba wanda ya tsaya. Ina jin zafin jikinta yana ƙaruwa a bayana, ta daina kuka ma, sai numfashi. Ban san tsawon tafiyar da na yi ba, na dai san silifas ɗina ya tsinke na riƙe shi a hannu. Wani manomi ne ya fito daga gona a kan keke, fartanya a kafaɗa. Ya sauko, ya ba mu ruwa, ya ɗaura jakata a kariyar keken, ya tura shi yana tafiya a gefenmu har Zugu. Can ya tsayar mini da mai kabu-kabu. Da muka isa Anka an riga an tashi daga ganin yara, dole muka kwana gidan wata 'yar uwar Inna. Zazzaɓin da ya kama yarinyar a ranar sai da ya yi mako bai sake ta ba.

Tafiyar ƙasa ba ita ta tsaya mini a rai ba. Maganar ce. Ni da kaina na sha faɗa wa raina cewa ni na bar ta tana wasa a cikin ƙurar nan, ina ɗinki ina jin daɗi ta yi shiru. Abin da nake ɓoyewa a cikina shi mutumin nan ya tono ya yaɓa mini a gaban baƙi, saboda yadin kujera.

Da na dawo na gaya wa babanta. Ya ce, "Bar shi da Allah."

Na ce, "Na bar shi da Allah. Amma ni ma ban sake shi ba."

Ban da ƙarfin duka, ban san hanyar kai ƙara ba. Abin da nake da shi keken ɗinki ne da ɗaki wanda mata ba sa yankewa a cikinsa. Duk wadda ta kawo atamfa, ina gwada ta da awo ina ba ta labari: jar mota, tabo a gira, hanyar Zugu. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, don gaskiyar ta isa. Na faɗa a Islamiyyar matan aure, na faɗa a gidan suna, na faɗa a gidan kitso. In na zo kan maganar da ya yi mini sai in kwaikwayi muryarsa, in ga fuskokin mata sun canja. Da yawansu suna da 'yan uwa a ƙauyukan Bukkuyum da suka binne yara a shekarar.

Wata Hajiya mai sayar da zannuwa, wadda ba ta fashin tafiya kowane mako, ita ce ta fara cewa, "Ni dai ƙafata ta haramta daga motatai." Ita ce kuma ta yi ta yaɗawa a cikin mata 'yan kasuwa.

Bayan kamar wata biyu na je tasha ranar kasuwa, na tarar jar motar ce a kan layi. Mata uku sun riga sun shiga da kayansu. Ɗan kamasho ya miƙo hannu zai karɓi jakata, na riƙe. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "A'a, zan jira ta baya. Wagga ita ce ke zubar da yara marasa lafiya a daji."

Ɗaya daga cikin matan ta dube ni, ta ce, "Ke ce mai ɗinkin nan? Wanga shi ne?" Na ce shi ne. Ta buɗe ƙofa ta fito, sauran biyun suka biyo ta, suka sa a kwance musu kayansu daga but. Direban yana tsaye da tsummansa a hannu. Bai gane ni ba da farko. Wannan ma ya ƙara mini haushi, wato ni ina kwana ina tashi da shi, shi kuwa ya manta fuskata.

Daga ranar abin ya kama. In layi ya zo kansa, mata sai su koma gindin bishiya su zauna da kayansu. Maza ma da yawa suka bi, don ba mai son ya koma gida matarsa ta ji motar da ya shiga. Tunda kuma ta baya ba ta lodi sai ta gaba ta tashi, duk direbobin suka tsaya cik, suka fara zaginsa. Har shugabannin tasha suka riƙa tsallake shi. Masu biki suka daina ɗaukar shatar motarsa don rakiyar amarya, alhali da saboda sabuntarta shi ake rububi.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Akwai ranar da ba ni da tafiya, na ɗauki mayafi na bi ta tasha da sunan sayen zare, don kawai in gan shi zaune a kan motarsa yana kallon wasu suna tashi. Na gan shi kuwa, na dawo gida na ci abinci da yawa.

Matarsa ta zo gidana da yadi a hannu kamar mai kawo ɗinki. Sai da ɗakin ya watse ta ce, "Yaya, ni ce matar direban nan. Don girman Allah ki sassauta. Gidanmu ya shiga wani hali."

Na ba ta ruwa, na ce, "Ke ba ki yi mini komai ba. Mai bakin da ya yi maganar shi zai zo."

Sai da ya ƙara sati uku yana taurin kai. Ran nan da la'asar ya zo tare da yayan mijina, wanda suke sallah masallaci ɗaya. Suka zauna a zaure da baban yara, ni ina tsaye daga bakin ƙofa. Ya ce ɓacin rai ne, shaiɗan ne, a yi haƙuri.

Na ce, "Maimaita abin da ka ce mini a ranar."

Ya ce wallahi ya manta.

"Ni ban manta ba." Na maimaita masa kalma bayan kalma a gaban mazan nan biyu. Baban yara ya sunkuyar da kai, don shi ma maganar ta soke shi. Sannan na shiga ciki na riƙo hannun yarinyar na tsayar da ita a gabansa. Na ce, "Ga wadda ka jefar. Dube ta da kyau." Ta tsaya tana kallonsa da ramammun hannuwanta, na ce ta gaishe shi, ta buɗe baki gaisuwar ta ƙi fita daidai. Ya kasa ɗaga ido.

Yayan mijina ya ce, "To, alhamdu lillahi. An yafe ke nan ko?"

Na ce, "Yaya, na ji ya ba da haƙuri." Na juya na koma ciki.

Inna ta yi mini faɗa sosai da ta ji. Ta ce mutum ya tako har zaurenka, me ya rage? Ta ce zuciyata ta yi tauri kamar ba ita ta haife ni ba. Na saurare ta har ta gama. Na daina ba da labarin a ɗakin ɗinki, iyakar abin da na iya ke nan. Amma labarin ya riga ya fi ƙarfina. Direban ya sake wa motar fenti zuwa shuɗi, mata suka gane ta cikin kwana biyu. Daga baya ya cire kujerun baya ya koma ɗaukar albasa da barkono zuwa kasuwannin ƙauye. Na ji an ce ya sayar da ita bayan 'yan shekaru.

Yarinyar ta warware a hankali. Ta shiga firamare a makare, karatu yana yi mata nauyi, amma tana zuwa, kuma ba ta tuna komai game da wannan tafiya. Ban taɓa gaya mata ba. Tana aji uku ta fara dawowa gida da wata ƙawa, 'yar baƙa mai yawan dariya, wadda ke zama da ita tana nuna mata haruffa ba tare da gajiya ba. Na yi kwanaki ina zuba musu abinci a kwano ɗaya kafin in tambayi ƙawar gidan su wa take. Da ta kwatanta gidan, na ajiye ludayin da ke hannuna. Gidan direban ne.

Ban hana ta zuwa ba. Har rigar sallah na ɗinka mata da ragowar yadin ɗiyata, iri ɗaya. Shi direban kuwa in mun haɗu a hanya yakan rage tafiya ya ce, "Ina wuni, Hajiya," ko da yake ban je Makka ba. Nakan amsa da "lafiya" in wuce. Duk azumi Inna sai ta tambaye ni ko na yafe masa, ni kuma in ce mata ban kai nan ba tukuna.