Da Sauƙin Inna

Motar markazin tsofaffi, wato cibiyar kula da su, takan shigo layinmu a unguwar Ka'akiyya ta nan Makka da hantsi. Kafin ta iso, Inna, mahaifiyar maigidana, ta riga ta zauna a bakin ƙofa da carbinta, tana ƙamshin turare kamar mai zuwa suna.

Wata ƙungiyar agaji ce ta buɗe wurin a Rusaifa, a shekarun da ake ta faɗaɗa Harami. Komai a nan ake yi: ganin likita, magani, abincin rana, wanka, yankan farce, har da malama mai biya musu karatu. Allah ya saka musu. Kafin su zo, duk ranar da Inna za ta ga likitan suga, sai maigidana ya bar aikin gini na yini guda. Yanzu kuwa ta yi kumatu, ta sami abokan hira. Abincin kawai take kuka da shi, wai kamar an wanke shinkafar bayan an dafa. Ni kuwa abin da ke sosa min rai tsohuwar maƙwabciyarmu ce, wadda ba ta da igama, wato takardar izinin zama, don haka ba su ɗauke ta ba. Ta taga take kallon motar. Inna kan ɓoyo mata dabino a cikin hijabi.

Burin Inna ɗaya ne. Tun da ta zo ƙasar nan, azumi bai taɓa wucewa ba ta yi ɗawafi da ƙafarta ba, kuma tana son na wannan shekarar ma.

Nas ɗin da aka haɗa ta da ita haifaffiyar Makka ce, iyayenta mutanen Damagaram. Hausarta tsince-tsince ce, amma tana da kirki. Wani ɗan ƙurji ya fito wa Inna a babban yatsan ƙafa, aka sa magani. Kullum sai nas ta tambaye ta, "Ya Hajja, ya ƙafa?" Inna ta ce, "Da sauƙi." Ita kuma ta juya wa likita da Larabci cewa ciwon yana warkewa.

Ni ban ga ƙafar ba, domin tun da markazi ya karɓi wankanta, da safa take dawowa, da safa take kwana. Abin da na lura shi ne ta fara sallar nafila a zaune. Ana shiga Sha'aban sai na ga har farilla a zaune take yi. Washegari na bi motar.

Da aka zare safar, sai nas ta dafe ƙirji. Yatsan ya yi baƙi.

"Ya Hajja, ba ke kika ce da sauƙi ba?"

"To me kike so in ce, 'yar nan? In ce wa Ubangijina babu sauƙi?"

Na ce wa nas a wurinmu ko mutum na gargara, aka gaishe shi, amsar kenan. Addu'a ce. Idonta ya cika da ƙwalla, ta ce kakarta ma haka ta riƙa faɗi har ranar da ta rasu, ita ba ta taɓa ganewa ba.

Inna ta harare ta. "Ke da Hausarki ta kanti. Share fuskarki, ba ke kika sa min ciwon ba."

A ranar suka kai ta babban asibiti da motarsu, kuma ba su bar mu mu kaɗai ba. Ƙafar ta tsira, yatsan bai tsira ba. Na daɗe ina tunanin cewa da wani likita dabam yana ganinta a waje, ko da wankan yana hannuna, da wataƙila wani ido ya riga ya gani. Daga baya nas ta daina tambaya. Duk tsohuwar da ta sauka daga mota, sai ta durƙusa ta zare mata safa tukuna, sannan a gaisa.

Da azumi ya zo, a keken tura marasa lafiya Inna ta yi ɗawafi, maigidana na tura ta, ina biye da takalmanmu a leda. Ba ta so ba. Har muka gama tana kallon ƙafafun mutane a kan farin dutsen nan. Da na miƙa mata zamzam, na sunkuya na ce, "Inna, ya ƙafa?"

Ta sha, ta shafa sauran a kan bandejin.

"Da sauƙi," in ji ta.