Ƙarƙashin Ginin Masunta

Shekarar da na gama karatun zanen gine-gine, wani ƙaramin ofis a Greensboro ya ɗauke ni koyon aiki. Ɗaki ɗaya nake haya a unguwar Glenwood, kullum da safe in hau bas. Wata biyar ban zana komai ba sai ƙofofi da matakala. Sai wata rana maigidana na ofis ya ajiye mini takarda: wani garin masunta a bakin teku yana son zauren da za a riƙa baje sana'ar hannu da yin wasanni. Ya ce in gwada. In kwamitin garin ya karɓa, aikin nawa ne, in bai karɓa ba na koma kan ƙofofina.

Ni 'yar Damagaram ce, ban ga teku ba sai da na girma. Abin da na sani shi na zana: bango mai kauri, zaure, tsakar gida. Maigidana ya duba ya ce ya yi kyau, amma guguwar farko za ta cika shi da ruwa. Can dole a ɗora gini kan ginshiƙai, sama da tsayin mutum. Na ji kunya ƙwarai. Na sake zanawa yadda kowa ke yi, ɗaki a sama, wurin ajiye motoci a ƙasa.

Na je garin sau ɗaya kafin ranar kai zanen, tafiyar kusan awa huɗu. Na tarar da tsofaffi a bayan rumfar kifi suna sassaƙa agwagin katako, wata dattijuwa kuma tana ɗinkin taru. Da na ambaci matakala ta dafa gwiwarta, ta ce sai dai jikokinta su ba ta labari. Maganar ta tsaya mini a rai, amma ban san yadda zan yi da ita ba.

Maƙwabcina wani dattijo ne mutumin Gaya, ya yi sana'ar su a kogi kafin ya zo nan ya kama aikin ɗaure kaya a masana'anta. Ran Asabar ya gan ni a baranda da ɗan samfurin ginin da na haɗa da kwali.

"Injiniya, wannan rumbu ne ko gidan tantabaru?"

"Baba, zauren masunta ne."

Ya cusa yatsa ƙarƙashin kwalin. "Nan wa zai zauna?"

"Motoci."

"Bon, to. Motoci a inuwa, mutane a kan tsani. Ɗiyata, kin taɓa ɗaga jiƙaƙƙen taru? Ƙato biyu ba su hawa da shi. Taru tsawo yake so, da iska, da ƙugiya. Mai ɗinkinsa kuma yana son ya ga wanda ke wucewa, ya samu na zagi."

Na yi dariya. Ashe zauren da na goge yana nan a ƙasan ginin, ni ce na ba motoci shi. Na zana wurin a buɗe ta kowane gefe, da dakalin siminti da ruwa zai iya bi ta kansa ya wuce, da ƙugiyoyi a jikin ginshiƙai, da famfo.

Maigidana bai hana ni ba, ya dai tuna mini cewa kwamitin ya nemi wurin motoci a rubuce. Saboda haka ranar ganawa da kwamitin muka tafi tare a motarsa da zane biyu, na motoci da na zaure. A hanya na sauya shawara, ina jin, sau goma. Da muka isa na bar na motocin a bayan mota, don na san halina, in yana hannuna shi zan nuna.

Na fara bayani da "wataƙila" da "in kun ga dama". Shugaban kwamitin ya tambayi inda baƙi za su ajiye motocinsu, na ce a filin gefe, su tako. Bai ji daɗi ba. Har na fara tunanin karɓar makullin mota in ɗauko ɗaya zanen. Sai dattijuwar nan mai ɗinkin taru ta matso ta sa tabarau.

"Yarinya, waɗannan ginshiƙan sun matse. Taruna ba zai miƙe a nan ba."

Wani masunci ya ce zai miƙe, ta ce shi da bai taɓa riƙe allura ba ya yi shiru. Gardama ta kaure kan tazarar ginshiƙai, ba wanda ya sake ambatar mota.

Ba su sa hannu a ranar ba. Sun ce in gyara in dawo bayan mako biyu. Kafin mu kama hanya na bi dattijuwar bakin ruwa da tef ɗin awo, muka shimfiɗa tarun. Na auna shi sau uku, tana ta yi mini tsiya.